Sarakuna 150 a tsibiri ɗaya: yadda Gelawa suka riƙa gadon sarauta

A shekarar 864 wani malamin coci a tsibirin Ailan, cikin masu rubuta abin da ya faru kowace shekara, ya sa layi ɗaya tak a littafinsa: Áed ɗan Niall, sarkin Tara (kujerar sarauta mafi kwarjini a tsibirin), ya makantar da Lorcán ɗan Cathal, sarkin Mide (wata ƙasa a tsakiyar tsibirin). Bai yi tir ba, bai nuna mamaki ba, ya wuce abu na gaba. Shekara guda kafin nan an ga Lorcán tare da wasu sarakunan Vikin uku, mayaƙan ruwan nan da suka fito daga arewacin Turai, sun shiga ƙasar maƙwabta suna ɓarna, har suka kutsa cikin tsofaffin kaburburan da ke bakin kogin Boyne suna lalube. Laifi dai akwai shi. Amma me ya sa ido aka cire masa, aka bar masa kai?

Dalili shi ne a wurin Gelawa, wato al'ummar da ke magana da Gelanci a Ailan da yammacin Sikotilan, mai tawaya a jiki ba ya sarauta. Wani littafin shari'arsu na ƙarni na 7, wanda kan kiwon zuma yake magana, ya kawo misalin Congal Cáech: ƙudan zuma ya harbe shi a ido, idon ya mutu, sarautar Tara ta kuɓuce masa. Ke nan cire ido hanya ce ta binne mutum yana numfashi. Ta fi sauƙi ma idan abokin hamayyar ɗan uwa ne, domin kisan ɗan uwa, wanda suke kira fingal, shi ne laifin da dokarsu ta rasa yadda za ta yi da shi. Dangi ke biyan diyya, dangi ke karɓa. To idan mai kisan da mamacin gida ɗaya suka fito, wa zai biya wa? A gidajen sarautar Gelawa kuwa, kusan kullum wanda ke hana sarki barci ɗan uwansa ne. Nan gizo ke saƙar.

Sunayen mutanen nan suna karya harshe, na sani. Na bar su yadda masu su ke rubuta su, mai karatu ya yi haƙuri. Kalmomi uku kawai za a riƙe: mac ɗa ke nan, Uí jikoki ko zuriya, Cenél kuma reshen dangi.

Ailan ba ta kai a kira ta babbar ƙasa ba. Faɗinta wajen murabba'in kilomita 84,000 ne, ta ɗan ɗara Jihar Neja. Duk da haka masanin tarihi Francis John Byrne ya ƙiyasta cewa tsakanin ƙarni na 5 da na 12 da wuya a samu lokacin da sarakunan tsibirin suka gaza 150. Kowane yana da 'yar ƙasarsa da ake kira túath, wadda mutum zai iya ratsa ta a ƙafa cikin yini. Babu birane kafin Vikin su kafa Dablin da 'yan uwanta, babu kuɗin ƙarfe. Shanu ne dukiya, shanu ne ma'auni. Kowane ɗa yana da abin da ake kira kuɗin fuska, wato abin da za a biya shi idan an ci mutuncinsa. Na ƙaramin sarki kuyangi bakwai ne, kowace kuyanga kuma a lissafi shanun tatsa uku ce, jimla 21.

Wani littafin shari'a na wajen shekarar 700, Críth Gablach, har jadawalin mako ya tsara wa sarki. Lahadi shan giya, domin a cewarsa wanda ba ya shayar da jama'a ranar Lahadi ba sarki ba ne. Litinin sasanta rigingimun ƙasa, Talata wasan dara irin tasu, Laraba kallon karnukan farauta, Alhamis ta iyali ce, Juma'a sukuwar dawaki, Asabar yanke hukunci. Ba na jin akwai sarkin da ya taɓa bin wannan jadawali sau da ƙafa. Alƙalan Gelawa mutane ne masu son su jera komai cikin bakwai-bakwai. Amma littafin ya nuna irin mutumin da ake nema. Idan aka kama sarki da gatari ko shebur a hannu yana aikin ƙarfi, kuɗin fuskarsa ya koma na talaka. Haka idan ya yi tafiya shi kaɗai ba fadawa, haka idan aka same shi da rauni a ƙeya, alamar ya ba abokan gaba baya.

Sarakunan hawa-hawa suke. Akwai mai túath ɗaya, akwai wanda wasu sarakuna ke bi, akwai na lardi sukutum kamar Munsta ko Lensta ko Konakt. Biyayyar ba ta ƙasa da ƙasa ba ce, ta mutum da mutum ce: ƙaramin sarki ya karɓi kyautar babba, ya ba shi 'ya'ya ko 'yan uwa a matsayin garkuwa, ya yi alkawarin haraji da mayaƙa. Alƙalansu na cewa wanda ba shi da 'yan garkuwa a mari ba sarki ba ne. Ranar da babban ya mutu kuwa, igiyar ta tsinke. Magajinsa sai ya sake zagayawa da runduna yana karɓar sababbin 'yan garkuwa. Abin lura shi ne tsofaffin littattafan shari'ar ba su tsara wata kujera ta sarkin Ailan duka a cikin wannan jeri ba. Sarautar Tara tana da kwarjini tun zamanin maguzanci, amma iƙirarin cewa mai ita ne sarkin kowa, buri ne na gida ɗaya da malamansa.

To wa ke gado? Ba babban ɗa ba. Wannan ita ce maganar da ta raba Gelawa da abin da aka saba ji game da sarautun Turai na baya-baya. Sarauta ta gida ce, ba ta mutum ba, gidan kuma kullum a cike yake. Ko bayan zuwan Kiristanci a ƙarni na 5 manyan Gelawa ba su daina tara mata ba. Akwai uwargida, akwai ta biyu, akwai saki, kuma 'ya'yan duka suna da haƙƙi muddin uba ya karɓe su. Wani alƙali ma ya rubuta cewa ana jayayya kan wanda ya fi, mace ɗaya ko da yawa, amma tunda zaɓaɓɓun Allah na Tsohon Alkawari sun tara mata, aibata abin bai fi yabonsa sauƙi ba. Ƙara da al'adar riƙo: ana kai ɗan sarki gidan wani babban mutum ya tashi can har ya kai shekara 17. Yakan dawo da uban riƙo da 'yan uwan riƙo da suka fi 'yan ubansa kusa da zuciyarsa, kuma su ne rundunarsa ta farko.

Masanin tarihi Eoin MacNeill, a farkon ƙarni na 20, ya ce ka'idar ita ce duk namijin da ubansa, ko kakansa, ko kakan ubansa ya yi sarauta yana cikin masu nema. Wannan da'irar dangi ta zuriya huɗu ita ake kira derbfine. A ɗauka sarki ya bar 'ya'ya maza biyar, kowane ya bar huɗu, kowannensu ya bar uku: kafin a je ko'ina an tara mutum 85 da kowane ke ganin kansa a karaga. Wanda ake ganin ya isa ana ce masa rígdamna, ma'ana kayan yin sarki, kamar yadda za a ce ƙulli kayan tuwo ne. Da yawansu haka suka mutu ba a tuƙa su ba. A 1971 wani masanin, Donnchadh Ó Corráin, ya bi jerin sarakunan Uí Chennselaig na kudancin Lensta ɗaya bayan ɗaya, ya nuna cewa abin da ke faruwa a ƙasa ba bin wata ka'ida ba ne, kokawa ce tsakanin rassan gida, kowane reshe na ƙoƙarin ya riƙe abin a hannunsa ya ture sauran. Ni ma nan na fi karkata. Su kansu alƙalan sun faɗi abin a taƙaice: shugabancin dangi na babba ne, na coci na mai ilimi, sarauta kuwa ta wanda ya fi isa.

Isa kuwa ana ƙirga ta. Mai neman sarauta yana ba manoma jarin shanu, su kuma kowace shekara su kawo masa abinci, su yi masa aikin gona, su ciyar da shi da tawagarsa a lokacin sanyi, su bi shi yaƙi. Yawan irin waɗannan barori shi ne ƙarfin mutum. Jini yana ba ka izinin shiga fili ne kawai. Shanu da masu da surukai su ke kayar da abokin karawa.

Reshen da ya yi zuriya uku bai taɓa karaga ba ya faɗi ke nan: jikokin sarki su koma masu gari, jikokin masu gari su koma manoma. Tsoron wannan gangara shi ne ya hana tsibirin zama lafiya, kuma shi ne ya faɗaɗa manyan gidaje. Sarkin da ke son ya rabu da ƙannensa sai ya cinna su ƙasar maƙwabci mai rauni su ci. Wasu kuma coci suke faɗawa. Colum Cille, wanda ya kafa zawiyar tsibirin Ayona a 563, ɗan gidan sarautar Cenél Conaill ne, kuma akasarin waɗanda suka gaje shi a shugabancin zawiyar cikin shekara ɗari na farko danginsa ne. Masanin nasaba Dubhaltach Mac Fhirbhisigh, da yake rubutu a tsakiyar ƙarni na 17, ya lura cewa yayin da 'ya'yan sarakuna ke yawaita, talakawansu matse su ake yi har su ƙare. A 2006 wasu masu binciken ƙwayoyin gado a kwalejin Trinity ta Dablin suka gano cewa kusan namiji ɗaya cikin biyar a arewa maso yammacin Ailan daga kaka ɗaya suka fito ta wajen uba. Jaridu suka yi caraf suka ce kakan nan wani tsohon sarki ne mai suna Niall. Jini dai ba ya faɗin suna, amma ya tabbatar da abin da Mac Fhirbhisigh ya gani da ido.

Wannan Niall ɗin, mai laƙabin Noígíallach, wato mai 'yan garkuwa tara, shi ne kakan Uí Néill, gidan da ya riƙe Tara shekaru aru-aru. Ana sa shi a ƙarni na 5, can bakin inda tarihi ke haɗuwa da tatsuniya. Zuriyarsa ta rabu biyu. A arewa akwai Cenél Conaill da Cenél nEógain, a tsakiyar tsibirin akwai Clann Cholmáin da Síl nÁedo Sláine, waɗannan biyun jikokin Diarmait mac Cerbaill ne da ya mutu a 565. A 734 Flaithbertach na Cenél Conaill ya sauka daga sarautar Tara ya shiga zawiya a Arma, daga nan sai wani abu ya kankama wanda ya ɗauki kusan shekara 270: karɓa-karɓa tsakanin Cenél nEógain da Clann Cholmáin. Na arewa ya yi, na kudu ya karɓa. Niall Caille ya nutse a kogi a 846, Máel Sechnaill na kudu ya hau. Ya mutu a 862, Áed Findliath na arewa ya hau, shi ne mai cire idon nan. Ya mutu a 879, Flann Sinna ɗan Máel Sechnaill ya hau. Ya mutu a 916, Niall Glúndub ɗan Áed ya hau. Sau ɗaya tak aka karya layin, lokacin Congalach na Síl nÁedo Sláine daga 944 zuwa 956.

Wanda ya san yadda sarautar Zazzau ta riƙa zagayawa tsakanin Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa ba zai ga baƙon abu a nan ba. Sai dai kada a ɗauka wata yarjejeniya ce ta adalci da aka zauna aka ƙulla. Rassa huɗu ne. Biyu suka haɗa baki a aikace suka rufe wa biyu ƙofa, kuma kowane cikin biyun ya san ba zai iya haɗiye ɗayan ba. Mata ne suka ɗinke tsarin. Land, 'yar gidan sarautar Osraige, ta auri Máel Sechnaill ta haifa masa Flann Sinna, da ya mutu sai ta auri magajinsa Áed Findliath. Máel Muire, 'yar sarki Cináed mac Ailpín na can Sikotilan, ta auri Áed ta haifi Niall Glúndub, da Áed ya mutu ta auri Flann. Shi kuma Niall Glúndub ya auri Gormlaith 'yar Flann. Sabon sarki yakan gaji karaga ya gaji sarauniya, yaron da zai karɓe sarautar daga hannun gidansa kuma agola ne a wurinsa ko suruki.

Tsarin ya rage zubar da jini a cikin gida, amma da tsadarsa. Sarauta da ke ƙaura daga arewa zuwa kudu kowace zuriya ba ta kafa fada ɗaya, ba ta tara baitulmali, ba ta renon ma'aikata. A Lensta rassa uku na Uí Dúnlainge sun yi irin wannan zagaye daga 738 zuwa 1042, tsaf kamar an auna da igiya, kuma a mafi yawan wannan lokaci lardin abin tausayi ne a gaban maƙwabtansa.

Yanzu ga inda malaman nasaba suka shigo, kuma a ganina su ne rabin labarin. Babu wata al'umma a Turai ta wancan zamani da ta bar salsala mai yawan ta Gelawa. Sunayen da ke cikin littattafan ƙarni na 12 kaɗai sun haura dubu goma. Ba don sha'awar tarihi aka tara su ba. Salsala takardar mallaka ce: ita ke faɗin wa zai biya haraji, wa aka yafe wa, wa zai zauna kusa da sarki. Malaman coci suka ɗinke dukan manyan gidaje suka kai su ga mutum ɗaya, Míl na Sifaniya, shi kuma suka kai shi ga Yafisu ɗan Annabi Nuhu. Kusancinka da gidan da ke mulki a wannan bishiya shi ne matsayinka. Idan siyasa ta canza, sai a yanke reshe a dasa shi wani wuri. Airgíalla, tarin ƙananan ƙasashe da Uí Néill suka mamaye a arewa, an ƙirƙiro musu kakanni uku 'yan uwan juna masu suna Colla, aka ce 'yan uwan kakannin Niall ne. Mabiya suka wayi gari 'yan uwa, amma 'yan uwan da aka ce sun yi kisan dangi, don haka ba su da rabo a Tara.

Dubi labarin da ake bayarwa kan Niall kansa. Ubansa Eochaid yana da uwargida Mongfind mai 'ya'ya huɗu, uwar Niall kuwa, Cairenn, kamammiya ce daga ƙetare. Kishi ya sa Mongfind ta ɗora mata ɗiban ruwan gidan sarki duka, tana da tsohon ciki, har ta haihu a fili ta bar jaririn don tsoro; wani mawaƙi ya tsince shi ya rene shi. Da yaran suka girma suka fita farauta, ƙishirwa ta kama su, aka aiki ɗaya bayan ɗaya neman ruwa. Kowane sai ya tarar da rijiya, a bakinta wata tsohuwa mummuna, haƙora kore, ta ce ba mai ɗiba sai ya sumbace ta. Suka ƙi. Fiachrae ya ɗan taɓa ta da leɓe ya janye. Niall kuwa ya rungume ta gaba ɗaya, sai ta rikiɗe ta zama kyakkyawa, ta ce ita ce Sarauta. Ta ce masa kada ya ba yayyensa ruwan sai sun sallama masa girma.

Labari mai daɗi, amma a duba aikin da yake yi. Zuriyar yayyen nan su ne sarakunan Konakt, labarin na gaya musu dalilin da ya sa ƙane ya sha gabansu. Ɗan sumban Fiachrae shi ne bayanin yadda mutum biyu daga zuriyarsa suka taɓa riƙe Tara. Sannan tsohuwar, cikin duban da ta yi, ta ce mulki na zuriyar Niall ne in ban da waɗannan biyu da wani sarki ɗaya daga Munsta, Brian. Annabcin da aka sa a bakin matar ƙarni na 5 ya san mutumin ƙarni na 11. Ba sai an faɗi lokacin da aka rubuta shi ba.

Brian ɗin nan, wanda duniya ta sani da Brian Boru, shi ne babbar shaida cewa salsala bin ƙarfi take yi. Mutanensa reshe ne na Déisi, talakawan sarakunan Munsta, suna zaune a bakin kogin Shannon. Sarautar lardin, mai hedkwata a dutsen Kashel, ta gidan Eóganachta ce tun fil azal. Amma Eóganachta sun yaɗu sun yi rassa barkatai, ga shi a 908 an kashe sarkinsu Cormac mac Cuilennáin, wanda kuma bishop ne, a yaƙin Belach Mugna, ba su sake miƙewa sosai ba. A 934 sai ga sabon suna a littattafan shekara: Dál Cais, zuriyar Cas. Malamai suka samo wani Cormac Cas, suka ce ƙanen Eógan ne kakan Eóganachta, suka ƙara da cewa ubansu ya yi wasiyya a riƙa karɓa-karɓa tsakanin zuriyar 'ya'yan biyu. Wato baƙin da suka zo ƙwace ba ƙwace suke ba, tsohon bashi suka zo karɓa. Mathgamain ya kama Kashel, aka kashe shi a 976, ƙanensa Brian ya ɗora.

Uí Néill sun gane abin da ke tafe. A 982 Máel Sechnaill na biyu, sarkin Tara na lokacin, ya shiga ƙasar Dál Cais ya tumɓuke itacen Mag Adair, wanda a gindinsa ake naɗa sarakunansu. Cin fuska da ya fi kashe mutum ɗari. Bai hana komai ba. A 1002 shi da kansa ya miƙa wuya. A 1005 Brian ya je Arma, cibiyar cocin Ailan, ya ajiye zinariya oza 20 a kan bagadi, malaminsa kuma ya rubuta a littafin cocin, da Latin, cewa an yi wannan a gaban Brian, sarkin sarakunan Gelawa. An kashe shi a yaƙin Clontarf ranar 23 ga Afrilu 1014, Máel Sechnaill ya koma kujerarsa har 1022, amma asiri ya riga ya tonu: Tara ba gadon kowa ba ce. Shekara 150 da suka biyo baya, sarakunan larduna ne ke ta fafatawa, marubuta na kiran wanda ya fi ƙarfi sarkin Ailan mai 'yan adawa.

A wannan zamanin ne sunayen iyali suka bayyana, kuma su ma shinge ne. Uí Néill sun yi yawa har sunan ya daina raba kowa da kowa, sai jikokin Niall Glúndub, wanda Vikin suka kashe kusa da Dablin a 919, suka ware kansu da sunan Ua Néill. Duk O'Neill na wannan gida sunan wannan Niall ɗin yake ɗauke da shi, ba na mai 'yan garkuwa tara ba. O'Brien kuma jikokin Brian ne.

A tsallaken teku, a gaɓar yammacin Sikotilan, Gelawa suna da masarautar Dál Riata. Salsalarsu ta ce Fergus Mór ne ya ƙetaro daga Ailan wajen shekarar 500, kodayake masu tonon kayan tarihi ba su ga alamar wata babbar ƙaura ba. Nan ma rassa ne: Cenél nGabráin a Kintyre, Cenél Loairn a Lorne, Cenél nÓengusa a tsibirin Islay. Wata tsohuwar takarda ta ƙirga gidajensu, 560 da 420 da 430, ta ce kowane gida 20 zai kawo jirage biyu masu benci bakwai-bakwai idan yaƙi ya tashi. Salsala da rajistar soja a takarda ɗaya. A saman dutsen Dunadd, cibiyar masarautar, har yau akwai sawun ƙafa da aka sassaƙa, inda ake kyautata zaton sabon sarki ke sa ƙafarsa. Adomnán, shugaban zawiyar Ayona da ya mutu a 704, ya ba da labarin cewa mala'ika ya zo wa Colum Cille da littafin gilashi ya umarce shi ya naɗa Áedán mac Gabráin. Waliyyin ya ƙi, don ya fi son ɗan uwan Áedán, sai mala'ikan ya tsula masa bulala, tabon bai ɓace ba har ya mutu. Adomnán ɗan Cenél Conaill ne kamar Colum Cille, kuma saƙon ba ɓoyayye ba ne: sarautar Dál Riata daga hannun Ayona ta fito.

Littattafan makaranta sun daɗe suna cewa Cináed mac Ailpín, uban Máel Muire da muka ambata, ya ci Piktawa, mutanen arewaci da gabashin ƙasar, da yaƙi ya kafa Sikotilan. Marubutan zamaninsa, da ya mutu a 858, sarkin Piktawa suka kira shi. Sai a 900 aka fara cewa sarkin Alba, wato Sikotilan da Gelanci, salsalar da ta haɗa gidansa da Fergus Mór kuma a ƙarshen ƙarni na 10 take fara bayyana. Abin da ba shakka a kansa shi ne zuriyar 'ya'yansa biyu, Causantín da Áed, sun yi karɓa-karɓa fiye da shekara ɗari, sau da yawa da takobi, har reshen Áed ya ƙare a 997. Máel Coluim na biyu, wanda ya yi mulki daga 1005 zuwa 1034, bai bar ɗa namiji da aka sani ba, sai aka ɗora jikansa Donnchad, ɗan 'yarsa. Gado ta wajen mace baƙon abu ne a wannan tsari. Mac Bethad, mai mulkin Moray da ke arewacin ƙasar, wanda matarsa Gruoch jinin gidan sarauta ce, ya kashe Donnchad a fagen fama a 1040. Wasan kwaikwayon Shakespeare mai suna Macbeth ya mai da shi maci amana da ya yanka tsoho a gado. Donnchad na gaskiya matashi ne, Mac Bethad kuma ya yi shekara 17 a karaga, har ya samu natsuwar zuwa ziyara Rum a 1050 yana rabon kuɗi ga matalauta.

Ɗan Donnchad, Máel Coluim na uku, ya kashe Mac Bethad a 1057, ya kashe Lulach, agolan Mac Bethad da ya gaje shi, a 1058. Da shi ma aka kashe shi a 1093, manyan ƙasa suka bi tsohuwar hanya: suka tsallake 'ya'yansa suka naɗa ƙanensa Domnall Bán. 'Ya'yan suka nemi taimakon Ingila. A 1097 Edgar ya zo da rundunar da sarkin Ingila ya ba shi ya tuɓe baffansa, daga baya aka cire wa Domnall ido. Edgar ya yi, ƙanensa Alexander ya yi, autansu David ya yi. Da David ya mutu a 1153, aka kai jikansa Scone, wurin naɗin sarakunan Sikotilan, aka naɗa shi, yaro ɗan shekara 12 da bai taɓa jan runduna ba, ga kuwa manyan mazaje masu jinin sarauta a ƙasar.